Impatiens ko clivia a wuri mai inuwa?

'Yar uwa, kin tambaya wace shukar fure za ki sa a wuri mai inuwa, impatiens ko clivia. Tunda daga iri kike son farawa, tsakanin biyun nan ɗauki impatiens kawai.

Ita ce a bayan ɗakina, lungun da katanga da bishiya suka tare rana, ko ciyawa ba ta son fitowa. Irinta ƙanana ne ƙwarai, kuma sai ya ga haske yake tsirowa, don haka kada ki binne shi. Ki barbaɗa a kan ƙasa mai laushi da danshi, ki ɗan danna da yatsa, ki rufe da farar leda. In da ɗumi kamar digiri 21 zuwa 24, cikin mako 2 zuwa 3 za ki ga tsiro, wajen wata 3 kuma ga fure. Ni kwansonta ne ya sace min zuciya: in ya nuna, kina taɓawa sai ya fashe ya nannaɗe a yatsunki, iri ya watse. Yanzu ita ke shuka kanta, har a tsagar siminti nake tsintar 'ya'yanta.

'Yar gabashin Afirka ce, inda ba a sanyin ƙanƙara takan yi shekaru. Aibinta rashin jure ƙishi, ƙasa na bushewa za ta langaɓe. Akwai kuma wata fumfuna da ke kama bayan ganyenta, wadda ta yi ɓarna sosai a Ingila da Amurka a 2011. Nau'in Beacon da Imara XDR sun fi jure mata.

Clivia kuwa, hmm. Na saya, tana nan, ganye sai ka ce takobi, fure shiru. Daga iri sai ta ci shekara 4 zuwa 5 kafin ta yi fure. Tana jure fari, wannan kam gaskiya ne, amma tana da guba, sai masu ƙananan yara a gida su kula.

Ki yi hattara da masu tallar iri a intanet. Duk wanda ya nuna miki clivia shuɗiya maƙaryaci ne, launinta galibi ruwan lemo ne, ko ja, ko rawaya. Irin impatiens kuma ba ya daɗewa da rai, in babu kwanan wata a jikin fakitin, bar masa kayansa.