Na'urar Rock-Eval: Tana Bayyana Halin Dutse, Amma Ba Ta Bin Sawun Mai

Duk ɗakin gwaje-gwajen da ke hidima ga masu neman ɗanyen mai zai yi wuya a rasa na'urar Rock-Eval a cikinsa. Cibiyar binciken man fetur ta Faransa ce ta ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kuma bayan na daɗe ina aiki da sakamakonta, ina ganin ta cancanci sunan da ta yi, in dai mai amfani da ita ya san iyakarta.

Tambayar da take amsawa ita ce ko wani dutsen laka zai iya haifar da mai. Asalin mai gawarwakin ƙananan halittun ruwa ne da ragowar tsirrai, waɗanda suka nutse cikin laka a wurin da iskar oksijin ta yi ƙaranci, don haka ba su ruɓe ba. Da laka ta yi ta taruwa a kansu suka rikiɗe zuwa wani abu mai tauri da ake kira kerojin. Idan zafin ƙarƙashin ƙasa ya kai tsakanin digiri 60 da 120 a ma'aunin Salsiyas, kerojin yakan farfashe ya ba da mai, idan kuma zafin ya wuce digiri 150 sai iskar gas ta rinjaya. Abin da ƙasa take yi cikin miliyoyin shekaru, na'urar tana kwaikwayonsa cikin ɗan lokaci da zafi mai tsanani.

Garin dutse kaɗan take buƙata, wanda bai wuce miligiram 100 ba, ana zuba shi a wani ɗan ƙaramin kofi na ƙarfe. Tana fara gasa shi a digiri 300 ba tare da oksijin ba, sai man da ya riga ya samu a cikin dutsen ya fita, a allon kwamfuta a ga layi ya yi tudu na farko da ake kira S1. Daga nan zafin yakan riƙa hawa har kerojin ɗin ya farfashe, tudu na biyu, S2, ya bayyana, wanda shi ne ke nuna abin da dutsen zai iya bayarwa nan gaba. Zafin da tudun nan ya kai ƙololuwa a kansa shi ne ma'aunin dahuwar dutsen, kuma idan wannan ma'auni na cikin na'urar ya kai kusan digiri 435 ake cewa dutsen ya fara samar da mai. Wannan sauri da ƙarancin samfurin da take ci su ne babban abin yabonta, domin ana iya gwada ɓarɓashin da ke fitowa daga rijiya tun daga sama har ƙasa.

Inda nake jan hankali shi ne batun ƙaurar mai. Mai ba ya zama inda aka haife shi; matsin lamba yakan tsattsaga dutsen laka ya fitar da shi, sannan, kasancewar ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya yi ta hawa ta cikin ƙofofin dutsen yashi da tsagogin ƙasa har ya ci karo da wani rufi da ba ya yoyo, kamar shimfiɗar gishiri. Na'urar ba ta ganin wannan tafiya. Ƙaramin S1 yana iya nufin dutsen bai haifar da komai ba, yana kuma iya nufin man ya riga ya fice. Babban S1 kuwa wani lokaci baƙon mai ne da ya zo daga wani wuri, ko kuma gurɓata daga lakar da ake turawa cikin rijiya lokacin haƙa, idan an haɗa ta da mai. Haka nan ma'aunin dahuwa ba abin dogaro ba ne idan S2 ya yi ƙanƙanta ƙwarai.

Ina ba da shawarar amfani da ita wajen tantancewar farko, a wanke samfuri da kyau kafin gwaji, sannan a haɗa sakamakon da duban kerojin a madubin ƙara girma da taswirar shimfiɗun ƙarƙashin ƙasa kafin a yanke shawarar inda za a haƙa.