Gargaɗi ga masu a-kori-kura a Kano: kada ƙarar inji ta sa a yanke muku salansa

Jama'a, musamman masu Hilux mai fetur da sauran a-kori-kura masu ɗaukar kaya daga Dawanau da 'Yankaba, a yi hattara. Akwai masu yawo da na'urar gwajin mota a hannu, suna tare direba a tasha ko a gefen titi, musamman wanda suka ji motarsa na ƙara idan ya taka totur. Sai su jona na'urar, su girgiza kai, su ce: "Ranka ya daɗe, indomin salansarka ya toshe, in ba a cire shi yau ba injin zai buga." Wasu kuma su ce ai ya riga ya buga, sai an sauke shi an sa ringi da metal, wato zobban fistin da ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. A ƙarshe su sayar maka da wani ruwa a kwalba marar tambarin kamfani, wai maganin ƙara ne, a juye a tanki.

Abin da suke nema shi ne indomin nan, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu saye. Za su yanke ta, su fasa, su kwashe, su yi walda, kai kuma ka biya kuɗin aiki, ga kayanka sun tafi da shi. Bayan kwana biyu ƙarar ta dawo, domin ba a taɓa asalin cutar ba.

Ƙarar da ake tsorata mutane da ita iri biyu ce, kuma kunne na iya rabe su. Ta farko siririya ce, kyar-kyar-kyar, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Tana zuwa ne idan mota ta ɗauki kaya, ko ana hawa gada, ko an taka totur a babbar giya, da ka ɗaga ƙafa kuma sai ta ɗauke. Wannan fetur ne yake fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a hankali. Ta biyu mai nauyi ce, gwam-gwam daga ƙasan inji, ana jin ta ko mota na tsaye, tana ƙaruwa da gudun inji, sau da yawa fitilar baƙin mai na kyaftawa. Ita ce ta metal. Duk wanda ya ji ta farko ya ce maka a sauke inji, ko dai bai san aiki ba, ko aljihunka yake hari.

Rashin ƙarfin ma yana da dalili. A jikin injinan zamani akwai sansa mai sauraron wannan ƙara. Da ta ji, sai kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi don ta kare fistin, shi ya sa motar ke yin nauyi, tana shan mai, ba ta ja. Ƙarar da kasalar galibi tushensu ɗaya.

A fara da fetur. Ina ka sha mai na ƙarshe? Man jarka na gefen titi da aka gauraya da kananzir yana rage oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga fashewa da kansa, alhali injin Hilux mai lita 2.7 yana son oktan 91. Ka bari tankin ya yi ƙasa, ka cika a gidan man da ka yarda da shi, ka yi tafiya ka saurara. Motoci da yawa a nan ƙarar ke ƙarewa, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Ruwan kwalbar nan kuwa, ba ka san me ke ciki ba. In kananzir ne ko sinadarin narka fenti, ƙara dagula lamarin zai yi, yana iya cinye robobin layin mai.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, inji mai zafi kuwa shi ne ya fi saurin yin wannan ƙara. A duba ruwan lagireto da murfinsa da fanka, a wanke ƙurar da ta toshe fuskar lagireton. Al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ba magani ba ce, a sa sabo mai buɗewa a ma'aunin da kamfani ya tsara.

Daga nan iska da mai. Ƙurar hunturu na cika filtar iska, tana kuma bin sansar da ke auna iska. A wanke sansar da feshin da aka yi dominta, ba da fetur ba, kada kuma a taɓa siririyar wayarta. A sauya filtar mai, a sa agogon auna matsi a auna ƙarfin famfon mai, a injin Hilux mai lita 2.7 ya kamata ya kai kusan psi 40 (psi ma'aunin matsi ne). In mai bai isa ba, ko nozul ta toshe, ko wani tiyon iska ya tsage, cakuɗin ya kan yi iska da yawa, ya ƙone da zafi, ƙara ta taso. A kwance fulogi a kalla: fari fat alamar ƙarancin mai ce, kuma lambarsa ta zama wadda kamfani ya rubuta, ba duk wanda ya shiga rami ba. Tsofaffin motoci masu kafireta da distiribita kuwa, a saita lokacin wuta da fitilar saiti, a daina juya shi da kunne.

Idan an jona na'ura, ka karanta lambar matsalar da ta nuna da idonka, ka ɗauki hotonta kafin a goge. P0325 matsalar sansar ƙara ce ko wayarta. P0171 ƙarancin mai ne. P0300 fulogi na tsallake wuta. P0420 na nufin indomi ba ya tace hayaƙi sosai, amma ba ta nufin ya toshe, kuma da ita suka fi yaudarar mutane.

Gaskiya ne indomi na iya toshewa ya kashe ƙarfin mota, sai dai ana tabbatarwa ba tare da yanka ba. A kwance sansar hayaƙi ta gaba, a ɗaura agogo a raminta, a riƙe inji a juyi 2,500 a minti ɗaya. In matsin ya wuce psi 3, akwai toshewa. Batun ringi kuma, a auna matsin silinda duka huɗun, a rubuta a takarda. In bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba kuma mota ba ta hayaƙin baƙin mai, babu dalilin buɗe inji.

Kada dai a yi sakaci da ƙarar, in ta daɗe tana huda fistin, tana ƙona gasket. Kafin a gyara, a rage kaya, a sauko ƙaramar giya a hawa. A kai motar garejin da ke da mazauni, a tsaya a kanta ko a bar yaro, a ɗauki hoton salansa kafin a fara aiki. Duk abin da aka cire naka ne, a saka maka shi a bayan mota. Wanda aka riga aka yanke wa ba da izininsa ba, ya kai ƙara ga shugabannin bakanikai na wurin da kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa, da hoton waldar da lambar wayar wanda ya yi aikin.