Gargaɗi ga masu son ƙara wa kwamfuta RAM: ku ƙirga ƙwayoyin kafin ku biya

Jama'a, akwai wata damfara da ake yi wa masu ƙara RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da sunan "RAM ɗin bai jitu da na ciki ba". Ni ta faɗa wa, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kwamfutata laptop ce, ThinkPad T480s. Irinta tana zuwa da RAM kashi biyu: akwai wanda aka liƙe da dalma a jikin bod, ba ya cirowa, nawa 8GB ne, samfurin DDR4 mai gudun 2400, sai kuma gurbi guda ɗaya tak da za ka iya soka wani. Na je wani shago a kasuwar kwamfuta na biya kuɗin 16GB, lissafina in koma gida da 24GB. Yaron shagon ya shiga da ita ciki, ya fito ya kunna, ta tashi lafiya. Ni kuma sauri nake yi saboda magariba ta kusa, ban duba komai ba, ko rasit ban karɓa ba.

Da daddare na buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin kwamfuta, sashen Memory, sai na ga 12GB.

Washegari na koma. Mai shagon ko gezau, ya ce: "Ai Malam, naka na ciki 2400 ne, wanda muka sa 2666 ne, ba su jitu ba, shi ya sa injin ya ɓoye sauran. Matsalar kwamfutarka ce." Ya ƙara da cewa kayan da aka ɗaura ba a mayarwa.

Wannan magana ƙarya ce, amma an yi mata kwalliya da gaskiya, shi ya sa take shiga kunne. Gaskiya ne ana samun bambancin gudu. Sai dai idan ka haɗa 2666 da 2400, mai 2666 ɗin sauka yake yi, duka biyun su yi aiki a 2400, girman ba ya raguwa. Rashin jituwa na haƙiƙa ya fi bayyana ta wata fuska: injin ya ƙi tashi, ko ya riƙa yankewa yana kawo shuɗin allo. Tsohon samfurin DDR3 kuwa ba ma ya shiga gurbin DDR4, domin a laptop na farko fil 204 gare shi, na biyu 260, kuma tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba.

Wani abokina mai gyara ne ya kwance bayan kwamfutar ya zaro RAM ɗin. Sitikar jiki ta ce 16GB 2Rx8 (lambar da ke nuna tsarin ƙwayoyinsa), da sunan babban kamfani fes. Ya ce in ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke kai. Huɗu ne. Mai 2Rx8 kuwa ƙwaya goma sha shida yake da su, takwas gaba takwas baya. Wato 4GB aka ɗauko aka ɓare sitikarsa aka manna ta 16GB. Da muka duba da manhajar CPU-Z, shafin SPD, wato bayanan da aka adana a cikin RAM ɗin kansa, ya nuna 4GB ƙarara, lambar kayan ma daban da ta sitika.

Abin da ya fi ba ni haushi, binciken nan duka bai kai minti biyar ba, kuma da a gaban mai shagon na yi shi da ba a kai ga jayayya ba.

Don haka kafin ka fita gida, nemo lambar samfurin kwamfutarka ka duba a shafin kamfanin da ya ƙera ta: nawa ne a liƙe, gurbi nawa ne, wane iri take karɓa, ina iyakarta. Wasu, kamar MacBook Air, ba su da gurbi kwata-kwata, duk wanda ya ce zai soka maka RAM a ciki kuɗinka yake so. A shago kada ka yarda a shige da ita ɗaki. A kwance a gabanka, ka riƙe RAM ɗin a hannu ka duba. Idan akwai tsoho a gurbin, karɓi abinka. Bayan an ɗaura, haɗa na liƙe da sabon ka ga ko jimlar ta fito a Task Manager, sannan ka miƙa kuɗi, a rubuta girma da gudu a rasit. In ka isa gida ka bar manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta gwada shi na wasu awanni, domin akwai masu sauya bayanan SPD ɗin ma.

Ni dai da ƙyar, sai da shugaban layinsu ya sa baki, aka mayar mini da rabin kuɗina. RAM ɗin mai ƙwaya huɗu yana nan a aljihun jakata, duk wanda ya ce zai je sayayya ina nuna masa.