Sharhi: alƙalamin tawada mai arha da yoyonsa a sanyin Jos

Alƙalamin da zan yi magana a kansa ƙirar ƙasar Sin ne, baƙi, jikinsa ƙarfe, murfinsa na fizgewa ne ba na murɗawa ba. A wani shagon kayan rubutu na saye shi a titin Ahmadu Bello, dab da Terminus, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin motar Jos zuwa Abuja ba. Ni malamin sakandare ne, rubutu shi ne rabin aikina, daga shirya darasi zuwa cika rajista da duba takardun yara. Biro yana gajiyar da hannu domin sai an danne shi. Wannan kuwa nauyin jikinsa kaɗai ya ishe shi ya sauke tawada a takarda. Bakinsa yana da santsi, ba ya karce, ko da na juya ina rubutun Larabci daga dama zuwa hagu. A kan rubutu dai ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Ƙorafina a yatsuna yake da aljihun rigata. Akwai safiyar da zan cire murfi in tarar da mariƙin ya jiƙe, akwai lokacin da ina tsakiyar rubutu sai ɗigo guda ya faɗo ɓat a kan layi. Da na koma shagon, mai shi ya juya alƙalamin a hannu ya ce, "Malam, ai ka san arha ba ta ado. Ƙara kuɗi in ɗauko maka na Jamus." Na ce, "Alhaji, bari dai in fara gano ta inda yake zuba." Abin da na gano shi ne yoyon ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawansa ko na Jamus ɗin ba zai tsira daga gare shi ba.

Sai an fahimci yadda alƙalamin tawada yake aiki sannan a gane yoyonsa. Babu wata ƙofa da ke rufe tawadar. Hanya a buɗe take tun daga ma'ajiyarta har zuwa tsinin baki, babban abin da ke riƙe ta shi ne iska. Duk wanda ya taɓa tuttula ruwa daga jarka ya san ruwan ba ya fita sai iska ta samu hanyar shiga, shi ya sa ake jin ɓul-ɓul. Haka alƙalami yake: tawada kaɗan ta fita, kumfar iska kaɗan ta shiga ta maye gurbinta. Baƙar robar nan da ke manne a ƙarƙashin bakin ƙarfen ita ke raba wannan aiki. Tana da siririyar tsaga da tawada ke bi, da hanyar da iska ke komawa, da jerin haƙora masu kama tawadar da ta yi yawa kafin ta kai ga ɗiga. A kan wannan ɓangaren ne Lewis Waterman ya yi rajistar fasaharsa a Amurka a 1884, kuma alƙalamin Parker 51 da ya fito a 1941 ya yi suna ne, cikin wasu dalilai, saboda tarin haƙoran da aka ɓoye a cikin mariƙinsa. Ke nan masu ƙera alƙalami sun fi shekara ɗari suna fama da abin da ya ɓata mini yatsu.

To, ga inda Jos ta shigo. Da hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, sanyin asuba a nan yakan sauka ƙasa da digiri 12. Alƙalami ya kwana a kan tebur ya yi sanyi ƙalau, ka ɗauka ka riƙe shi da tafin hannu mai ɗumi, ko ka soke shi a aljihun ƙirji ka ɗora suwaita a kai. Iskar da ke cikin ma'ajiyar ta ji ɗumi ta kumbura. Idan zafinta ya tashi daga digiri 12 zuwa 32, girmanta yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ba ta da wajen zuwa, sai ta tura abin da ke gabanta. In bakin yana kallon sama, iskar ce za ta fice salin-alin. In yana kallon ƙasa, tawada ce a gaba, ita za ta fita. Jikin ƙarfe kuma yana saurin ɗaukar ɗumin hannu fiye da na roba, don haka irin nawa ya fi saurin yin wannan aman.

Abin da ya tabbatar mini da haka shi ne lokacin da aman yake zuwa. Idan alƙalamin a cike yake maƙil, ba ya yi. Sai tawada ta ragu ƙasa da rabi, iska ta yi yawa a ciki, sannan ɗigon ke faɗowa, kuma kusan kullum a farkon rubutun safe. Maganinsa ba ya cin ko sisi. Kafin in fara rubutu ina riƙe shi a dunƙule cikin hannu, baki a sama, na ɗan lokaci, ya yi ɗumi iskar ta fita abinta. Kuma ba na barin tawada ta yi ƙasa sosai kafin in ƙara. Tun da na kama wannan, rajista ba ta sake ganin ɗigo ba.

Hanyar Abuja ma tana da nata. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, galibin birnin Abuja kuwa bai kai rabin haka ba. Yayin da ake hawa, nauyin iskar waje yana raguwa, ta cikin alƙalami kuma ta samu sarari ta kumbura. Abin sha'awa a nan, tafiya Abuja ba ta haifar da komai, domin gangara ake yi, iskar ciki matsewa take. Dawowa ce matsalar. Ka cika alƙalami a Abuja, ka yi rubutu da shi ya ragu, ka kwantar da shi a jaka, mota ta wuce Keffi da Akwanga ta kama Hawan Kibo. Kana isa gida ka buɗe, murfi ya jiƙe. Ga kuma girgizar hanya da ke watsa tawada daga baki zuwa cikin murfi. Masu shiga jirgin sama sun fi kowa sanin wannan, domin iskar cikin jirgi takan yi daidai da ta tsaunin da ya kai mita 2,400. Dokar ɗaya ce a mota da jirgi: ko dai a cika shi maƙil, ko a zazzage shi sarai, kuma ya yi tafiyar a tsaye, baki a sama.

Wani abu da ke ruɗar mutane: da zarar tawada ta shiga murfi, duk lokacin da ka rufe sai ta shafi mariƙi, kai kuma ka kama ka ɓata yatsu, har ka ɗauka yoyon bai tsaya ba. Murfin fizgewa ya fi haddasa wannan, domin in aka fizge shi da ƙarfi yana zuƙo tawada waje. A nannaɗe tishu a zura cikin murfin, ko a wanke shi da ruwa a bar shi ya bushe, sannan a yi hukunci. Haka ma ɗan shuɗin da ke malala a saman bakin ƙarfen ba yoyo ba ne, halin wasu tawadodin ne.

Duk wannan ba laifin alƙalamin ba ne. Amma yana da nasa laifin, kuma a nan mai shago yana da gaskiyarsa.

Bayan na kawar da batun iska, na ci gaba da ganin tawada idan na kwance jikin, a daidai zaren murɗawa. Nan ba wurin da tawada za ta je ba ne ko da wasa. Na goge komai tas, na nannaɗe farin tishu a kowace mahaɗa, na tsayar da shi a kofi ya kwana. Da safe tishun da ke bakin ƙaramin famfon zuƙo tawada, wanda ya zo a cikin alƙalamin, shi ne ya yi shuɗi. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a unguwarmu, ya maƙala gilashinsa a ido ya duba mariƙin ko ya tsage. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Malam, jikin lafiya lau yake. Wannan 'yar robar ce ba ta kama ba, duba yadda take rawa." Na ce, "Baba, ko a ɗan sa mata gam?" Ya girgiza kai ya ce gam zai toshe hanya ne kawai, kuma ranar da za a wanke ba za ta ciru ba. Gaskiyarsa. Bakin famfon ya yi wa bututun da yake hawa yawa, ana taɓa shi yana motsi. Illar biyu ce: tawada tana tsiyaya ta gefe zuwa cikin jiki, iska kuma tana shiga ta ɓarauniyar hanya, sai bakin ya riƙa sakin tawada fiye da kima. Kamfanin ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfe mai ƙyalli, ya yi rowa a kan robar da aikin gaba ɗaya ya rataya a kanta.

Canza famfon ya warware matsalar, sai dai neman wanda ya dace shi ma aiki ne. Ba kowane famfo ko kwanson tawada, wato ɗan bututun roba da ake sayarwa cike da tawada, ke shiga kowane alƙalami ba. Kamfanonin Lamy, Parker da Pilot kowanne da nasa samfurin, na wannan ba ya hawa kan wancan. Pelikan da Kaweco suna amfani da kwanson gama-gari wanda kamfanoni da yawa suka yi tarayya a kai. Alƙaluman Sin kuwa akwai masu ɗaukar famfo ko kwanso mai bakin da faɗinsa milimita 2.6 ne, akwai masu 3.4, kuma a ido kusan iri ɗaya suke. Wanda zai saya ya tafi da alƙalaminsa shagon, ya gwada a gaban mai kaya. Wanda ya dace sai an ɗan tura shi da ƙarfi kafin ya zauna, kuma in an girgiza ba ya motsi. Masu sake cika tsohon kwanso da sirinji don rage kashe kuɗi su sani cewa bakin kwanson yana buɗewa da yawan cirewa da mayarwa, wata rana shi ma zai fara tsiyaya.

Baba mai agogo ya kuma tura bakin ƙarfen da baƙar robar ciki sosai, domin a irin waɗannan alƙaluman matse su kawai aka yi, ba a ɗaure ba, kuma sukan ɗan zamo waje. Gwajinsa mai sauƙi ne: in takarda tana shiga tsakanin ƙarfen da robar ba tare da turjiya ba, sun rabu da yawa. In ana son shafa wa zaren famfo mai, man silikon ake sawa, ɗan mitsitsi, nesa da hanyar tawada. Basilin yana lalata roba.

Batun tawada ba zan wuce shi ba, domin wani abokin aikina malamin Islamiyya ya tambaye ni ko zai iya zuba tawadar allo. Kada a kuskura. Tawadar allo da baƙin gawayi da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne don alƙalamin kara da ake tsomawa. Ƙaron zai bushe a cikin siririyar tsagar nan ya toshe ta, kuma alƙalamin da hanyar iskarsa ta toshe yakan ƙi rubutu yanzu, anjima ya amayar. Haka tawadar zane da ta hatimi. Ni da Parker Quink shuɗiya mai wankuwa nake aiki, na kuma gwada Pelikan 4001, wadda ta fi ta kamewa, ba ta saurin malala, don haka ta fi dacewa da alƙalamin da ke da sakin baki. Shuɗiyar mai wankuwa ce ta ceci farar shaddata. Maiɗakina ta tara aljihun a ruwan sanyi tun tabon bai bushe ba, ta bi da sabulu, ta kuma kafa mini doka: "Malam, wannan alƙalamin naka da fararen kaya ba sa haɗa hanya." Ban yi gardama ba.

Akwai aibin da ban samu maganinsa ba. Murfin ba ya rufewa ruf, kuma iskar hunturu busasshiya ce. In na ajiye shi daga Juma'a zuwa Litinin, sai na ɗan tsoma bakin a ruwa ko na murɗa famfon kaɗan kafin ya tashi. Ga wanda ke rubutu kullum a kan tebur wannan ba komai ba ne, kuma shi zan ce ya saya, ya haɗa da famfo mai kyau tun a shagon. Wanda kuwa yake son alƙalamin sa hannu da zai riƙa zarowa daga aljihu jefi-jefi, yana hawa Keke daga Farin Gada zuwa cikin gari, yana zirga-zirgar Abuja, ya nemi mai murfin murɗawa ko da zai ƙara kuɗi.