Gam ɗin feshi na jan ƙarfe a kan tof gasket da aka taɓa ɗaurewa

Na yi amfani da gam ɗin nan na gwangwani mai launin jan ƙarfe, wanda ake fesa wa gasket, a kan tof gasket, wato shimfiɗar da ake sakawa tsakanin tof (murfin saman injin) da bulok (gangar jikin injin), wanda na riga na ɗaure sau ɗaya. Ya riƙe, kuma har yanzu motar tana aiki lafiya. Amma kada wani ya ji haka ya ɗauko gasket ɗin da ya shekara yana shan wuta ya fesa masa ya mayar, domin nawa ba irin wannan ba ne.

Injina mai silinda huɗu ne, tof ɗinsa alminiyam, bulok ɗin ƙarfe. Na sa sabon gasket mai falle-fallen ƙarfe, wanda ake kira MLS, ina cikin ɗaurin farko sai zaren da ke riƙe kusa a cikin rami ɗaya na bulok ya zame. Dole na sake ɗaga tof aka gyara zaren. Injin bai tashi ba, gasket bai ga zafi ba, bai ma sha cikakken ɗauri ba. Na ɗaga shi sama na duba a haske: tudun da aka fitar a kewayen kowace silinda yana nan, fatar baƙar roba da ke jikinsa ba ta ɓare ba, sai 'yar kurjewa a gefe guda. Wannan kurjewar ce ta sa na nemi gam.

Aikinsa ya yi mini. Feshi ɗaya mara kauri a kowace fuska, a bar shi ya ɗan yi danƙo, sannan a ɗora. Yana cike ƙananan kurji, yana kuma riƙe gasket a wurinsa kada ya goce lokacin sauke tof. Abin da ban so ba shi ne yadda yake watsuwa. In hannunka ya yi nauyi sai ya taru a bakin ramukan da baƙin mai ke bi, kuma goge shi daga baya wahala ce. Masu ƙera irin wannan gasket da yawa ma cewa suke a sa shi a bushe, ba gam ba komai. Da sabo ne fil a hannuna, da ban fesa ba.

Tsohon gasket ɗin da na cire tun farko yana gefe, kuma shi ne ya nuna mini iyakar wannan gam. Zoben da ke kewaye silinda ya baje sarai, ka shafa da farce ba ka jin tudu. Tsakanin silinda ta 2 da ta 3 akwai baƙin layi siriri inda wuta ta riƙa tsallakawa, fatarsa kuwa rabi ta manne a jikin tof. Wannan tudun shi ne ran gasket. Ɗauri ne ke danne shi, shi kuma yana turowa, ta haka yake tare wutar silinda, ya raba ruwan lagireto da baƙin mai. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bulok, don haka duk tashin injin da hucewarsa tof yana gogar gasket. Da zarar tudun ya mutu, babu gam ɗin da zai tashe shi. Gam fenti ne kawai a kan fuska, ba ya mayar da kaurin da ya tafi.

Gasket ɗin zallar jan ƙarfe ne kaɗai na sani ana sake amfani da shi bayan ya yi aiki, shi ma sai an gasa shi ya yi ja don ya sake laushi. Mai kama da kwali kuwa yagewa yake yi tun wajen cirewa.

Ina ganin ba gam ne kaɗai ya sa aikin ya tsaya ba. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tof na gwada da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara, domin injuna da yawa ba sa yarda lanƙwasa ta wuce milimita 0.05, ko da yake littafin injinka ne zai faɗa maka naka. Kusoshin tof kuma irin waɗanda ake ƙarasawa da juyin digiri 90 ne, masu miƙewa in sun sha cikakken ɗauri, shi ya sa na watsar da tsofaffin na sayo sababbi. Na ɗaure su da sifanar awo, mai nuna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki.

Tun daga nan nake lura: babu kumfa a lagireto, ƙarƙashin murfin mai bai yi fari-fari ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, allurar zafi kuma ba ta wuce inda ta saba. Gwangwanin zan ajiye shi don irin wannan larura. Gasket ɗin da injin ya taɓa yin zafi a kansa kuwa, ko ya yi kyau a ido, ba zan mayar da shi ba, domin in ya saki, aikin kwance tof ne gaba ɗaya daga farko, in ma ruwa bai riga ya shiga silinda ya lanƙwasa wani abu ba.