Notin ribit, walda ko kusa mai ratsawa: wanne za ka saya don fayif ɗin alminiyum?

Damina ɗaya bayan na haɗa wa wani maigida firam ɗin farantan sola a saman benensa, sai ga kiransa da sassafe. "Malam, ka zo ka dubi aikin nan. In iska ta taso da dare sai ka ji kamar ana kaɗa kwano a kanmu." Na hau na duba. Kusa huɗu cikin waɗanda suka riƙe sandunan kwance sun saki, ɗaya ma da yatsu biyu na zaro ta, ko sufana ban taɓa ba. Da na ɗaga ta a hasken rana sai na ga garin alminiyum fari-fari ya cike tiredinta, wato zaren da ke zagaye da jikinta. Ita kusar lafiyarta ƙalau. Fayif ɗin ne ya cinye, domin a jikinsa na yanka tiredi na ɗaura kai tsaye, kamar yadda muka saba yi wa baƙin ƙarfe mai kauri.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Kusa M6, wato mai kaurin milimita 6, wadda ake kama kanta da sufana mai lamba 10, tsakanin zare da zare a jikinta milimita 1 ne. Fayif ɗin da na yi aiki da shi kaurin bangonsa milimita 1.5. Ashe zare ɗaya da rabi kacal ke riƙe da nauyin faranti da bugun iska. Shi kuwa alminiyum ƙarfe ne mai laushi, kafin tiredi ya kama sosai a cikinsa yana son zurfi kamar ninki biyu na kaurin kusar, wato kusan milimita 12 ga M6. Ina milimita 12, ina 1.5? Don haka kafin ka kama hanyar Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, fara auna bangon fayif ɗinka da ma'auni, kada ka dogara da ido ko da abin da mai shago ya faɗa. Ka kuma san abu biyu: nauyin da wurin zai ɗauka, da yawan kwancewa da ɗaurawa da za a riƙa yi. Waɗannan ukun su za su zaɓa maka abin saye.

Mutane da yawa walda suke fara tunani. Yaro ya taɓa kawo mini notin ƙarfe da guntun fayif ya ce, "Oga, a ɗan ɗiga masa wuta mana ya zauna." Ba ya yiwuwa. Alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya doshi 1,500, kafin noti ya yi ja fayif ya zube ƙasa. Ko an samu sun manne, abin da ke haɗuwa a tsakaninsu gautsi gare shi kamar fasasshen tulu. Abin da ake iya yi shi ne a samo guntun alminiyum mai kauri a walda shi a jikin fayif, sannan a huda shi a yanka masa tiredi. Wannan kuma aikin mai waldar argon ne, wato walda da iskar gas ta argon, da injin da ake kira TIG mai ba da wutar AC, lantarkin da ke kai da komowa, saboda alminiyum yana da wata fata ta sama da ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, wutar AC ce ke fasa ta. Wayar cikon da aka fi samu ita ce mai lamba 4043 ko 5356.

Walda tana yin kyau a hannun gwani, amma ka san kuɗin da za ka biya ba na aljihu kaɗai ba ne. Nau'o'in fayif ɗin alminiyum masu lamba 6061 da 6063 ƙarfinsu daga gashin da aka yi musu a masana'anta yake, zafin walda kuma yana warware wannan gashin. A 6061-T6, wato 6061 da aka yi wa irin wannan gashin, gefen da wuta ta taɓa yakan rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Sai an kankare fenti ko rinin da ke jikin fayif kafin a fara, ka ga kwalliyar wurin ta tafi. Ga shi alminiyum ba ya yin ja ya gargaɗe ka, yana nan fari tas sai kawai ka ga rami. Ni dai ba na kai fayif mai bango ƙasa da milimita 2 wurin walda don noti kawai. Akwai kuma wata waya da ake tallarta ana cewa da wutar gas kaɗai take liƙe alminiyum. Tana toshe ɗan rami, tana gyara abin ado, amma kada ka rataya mata abin da in ya faɗo zai ji wa mutum ciwo.

Abin da na koma amfani da shi a yawancin aikina shi ne notin ribit, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake yawan sayen abin da bai dace ba. Wani ɗan bututu ne mai hula a sama da tiredi a cikinsa daga ƙasa. Ka huda fayif, ka zura shi, na'ura ta jawo gindinsa, sai tsakiyarsa ta kumbura ta bayan bango ta danne shi tsakaninta da hular. Daga waje ɗaya ake yin komai, ba sai hannunka ya shiga cikin fayif ba, ba wuta, fenti bai ƙone ba. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1930 da sunan Rivnut, don ɗaure robar da ke hana ƙanƙara taruwa a fukafukan jirgin sama, wato tun asali don siririn alminiyum aka yi shi. In kana son ganinsa da idonka, dubi keken zamani na alminiyum: ramukan nan biyu da ake ɗaura mariƙin gorar ruwa, galibi notin ribit ne M5.

Abu na farko da za ka tambayi mai shago shi ne kaurin bangon da notin ke iya kamawa. Kowanne yana da iyakarsa, ana rubutawa a jikin kwali. M6 da aka fi sayarwa yakan kama daga milimita 0.5 zuwa 3. In bangonka ya fi haka kauri ba zai samu wurin kumbura ba, in kuma ka sayi dogo ka sa a siririn bango zai kumbura nesa da bangon ya bar shi yana rawa. Wanda aka zuba a leda babu rubutu, sayi biyu ko uku tukuna ka gwada a guntun fayif, ka yanka guntun ka leƙa bayansa. Kumburin kirki zagayayye ne, ya kwanta a jikin bango ta ko'ina.

Na biyu, jikinsa. Akwai mai santsi, akwai mai zane-zane kamar haƙora a ƙarƙashin hula, akwai mai kusurwa shida. Babbar cutar notin ribit ita ce juyawa: ka zo kwance kusa bayan shekara biyu, noti da kusa su riƙa zagayawa tare, ba gaba ba baya. Mai santsi ya fi saurin kamuwa da wannan, kuma bambancin kuɗinsa da mai haƙora bai kai abin da za a tsaya ciniki a kai ba. Mai haƙora yana cizon alminiyum da kyau saboda laushinsa, shi nake saye. Mai kusurwa shida ya fi duka ƙin juyawa, sai dai yana son rami mai kusurwa shida, wanda ƙaramin shago ba shi da abin yinsa. Hula ma iri-iri ce. Mai faɗi ta fi riƙo amma tana tasowa kaɗan a saman fayif, ƙarama tana kusan shafewa amma a siririn bango tana iya nutsewa ta wuce ciki. Don aikin waje nemi mai rufaffen gindi, ruwan sama ba zai bi ta tiredi ya taru a cikin fayif ba.

Na uku, ƙarfen da aka yi shi da shi. Na alminiyum ya fi sauƙin matsewa kuma ba ya faɗa da fayif, amma tiredinsa laushi gare shi, bai dace da wurin da za a riƙa kwancewa kowane wata ba. Na baƙin ƙarfe mai rufin tutiya shi ne tsaka-tsaki: tiredi mai ƙarfi, farashi mai sauƙi, tutiya kuma tana zaman lafiya da alminiyum muddin ba ta goge ba. Na sitenlas ba ya tsatsa, amma yana da tauri, ƙaramar na'ura tana shan wahala da shi daga M6 zuwa sama. Sannan duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu ga danshi, ɗaya yana cin ɗaya, kuma tsakanin sitenlas da alminiyum, alminiyum ne ke shan kashi, shi ne farin garin nan da ke fitowa a gefen kusa. A Kano ko Damagaram, inda rani ya fi damina tsawo, abin yana tafiya a hankali. Aikin da za a kai Legas ko Ankara ta ƙasar Gana, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, sai an shafa fenti ko giris a bakin ramin kafin a zura noti. Na tagulla kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka sa shi a alminiyum da ruwa zai taɓa.

Duk wannan zaɓe banza ne in ramin bai yi daidai ba. Yawancin M5 suna son rami milimita 7, M6 milimita 9, M8 milimita 11, amma duba kwali domin wasu kamfanoni suna ɗan bambanta. Na sha ganin mai aiki ba shi da bakin diril na 9, ya ɗauki na 10 ya ce ai duk ɗaya ne. Wannan milimita ɗayan shi ne juyawar da za ta dawo masa da aiki. Wani kuma ya huda da na 8 ya riƙa karkaɗa diril don ramin ya buɗe, ya fito kamar ƙwai. Ranar da ka sayi noti, ka sayi bakin diril ɗinsa a shago ɗaya, ka ware shi don wannan aikin kaɗai. Bayan hudawa ka share kaifin bakin ramin don hula ta kwanta. A zagayayyen fayif, musamman siriri, hula ba ta samun shimfiɗa sosai, don haka ka rage girman noti ko ka zaɓi fayif mai kusurwa huɗu tun wajen saye. Abin da za ka ɗaura a kai kuma dole ya zauna a kan hular. In raminsa ya fi hular faɗi, kana ɗaure kusa kana tumɓuko notin waje.

Na'urar matsewa kashi biyu ce a kasuwa. Mai kama da bindigar ribit ta hannu ɗaya tana iya M3 zuwa M5, da M6 na alminiyum. Mai dogayen hannuwa biyu ita ce ta mai sana'a, tana kai wa M10, wasu har M12. Ka buɗe akwatin a gaban mai shago ka ƙirga sandunan tiredin da ke ciki, waɗanda ake ɗaura notin a kansu don a matse shi, domin su ne ke fara karyewa, ka tambaya ko ana samunsu daban. Ka kuma lura da kayan da suka fito daga Amurka, awon inci suke bi: kwata inci milimita 6.35 ne, a ido kamar M6, amma tiredinsu ba ɗaya ba, zagaye biyu zai shiga ya cije. Wanda noti biyar ko shida kawai zai sa ba sai ya sayi na'ura ba. Doguwar kusa mai ƙarfi, wadda aka buga 8.8 ko sama a kanta, da noti na gama-gari da wosha biyu da aka shafa wa giris sun isa. Ka riƙe kan kusar da sufana ɗaya kada ta motsa, ka riƙa juya notin da ɗaya, zai jawo gindin ya kumbura. Da ka ji ya yi tauri ka tsaya, ƙarin rabin zagaye yana iya tsige tiredin ciki.

Akwai inda ba na yarda da notin ribit ko da na sitenlas ne: ƙafar firam da ke riƙe da ginin gaba ɗaya, maratayin da nauyi ke jan kusa waje kai tsaye, kariyar saman mota, tsani. A nan kusa mai ratsawa nake sa wa, ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, da wosha mai faɗi kowane ɓangare da noti mai roba a baki wanda girgiza ba ta kwance shi. Tana da arha, kuma ita ce mafi ƙarfi cikin duka. Illarta biyu: kai da noti suna fitowa fili, sannan in ka ɗaure da ƙarfi fayif yana lotsewa. Maganin lotsewa guntun siririn bututu ne da ake yankawa daidai faɗin cikin fayif, a tura shi ciki kusar ta bi ta tsakiyarsa, shi zai ɗauki matsin. Masu gaggawa suna tsallake wannan, shi ya sa za ka ga kusa ta saki bayan wata biyu alhali noti bai juya ba, bangon ne ya ba da kai.

In a bakin fayif kake son tiredi, kamar ƙafar tebur da za a sa wa taya ko abin daidaita tsayi, akwai toshi na roba mai noti a ciki da kuma mai haƙoran ƙarfe kamar tauraro da ake bugawa da guduma. Suna ɗaukar nauyin da ke dannawa, ba su da ƙarfin ja. Ka tafi da guntun fayif ɗinka shago, domin da faɗin ciki ake zaɓensu. Gam mai haɗi biyu kuwa na abin cikin ɗaki ne mara nauyi. A saman kwano cikin watan Afrilu, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu, gam na gama-gari yana yin laushi ya saki. Sukuru mai huda da kansa yana da amfani a wurin da za a ɗaure sau ɗaya a manta, amma kwancewa ta biyu ko ta uku ramin ya gama aiki.

Firam ɗin maigidan nan kwana biyu na yi a kansa. Ƙafafu da mahaɗar manyan sanduna na mayar da su kusa M8 mai ratsawa da bututun ciki. Maƙallan da ke danne farantai, waɗanda ake kwancewa in za a gyara waya ko a sauya faranti, na buɗe tsofaffin ramukansu zuwa milimita 9 na sa notin ribit M6 mai haƙora, mai rufaffen gindi, na ɗiga giris a kowace kusa kafin in ɗaure.