Gargaɗi Kan Wani Mai Shirya Yawon Maldives Da Ya Cinye Mini Dala 1,850

Jama'a, sati uku ke nan da dawowarmu daga Maldives, kuma sai yau na iya daurewa na rubuta wannan, domin kunya da takaici sun hana ni buɗe baki ko a cikin 'yan uwana. Wani mutum da ke tallata kansa a Instagram a matsayin mai shirya wa baƙi masauki da yawon gari a Male, babban birnin ƙasar, ya karɓi dala 1,850 daga hannuna, ni da maiɗakina, bai yi mana komai ba. Dala 1,850, kuɗin da na shafe kusan shekara ina tarawa domin in kai ta ta ga teku.

Ni ba yaro ba ne a harkar kuɗi. Shekara goma sha biyar ina saye da sayarwa a kasuwa, na san fuskar mai cuta, kuma ban tura ko sisi ba sai da na nemi mu yi magana ta bidiyo. Ya kira ni da la'asar ɗinsu, yana magana da Hausa tsantsa, yana ce mini Alhaji, a bayansa kuma ga ƙubbar nan mai launin zinare ta babban masallacin Juma'a na Male. Muna cikin magana sai aka kira salla, ya ce, "Alhaji, ka yi mini uzuri in yi salla, in na idar zan kira ka." Ya kuwa kira bayan minti ashirin. Wallahi a nan zuciyata ta kwanta. Har yau in na kwanta barci maganar nan ce ke dawo mini, ka yi mini uzuri in yi salla. Wane ne a cikinku zai ga mutum ya katse ciniki saboda salla, a ƙasar Musulmi, a gaban masallaci, sannan ya zarge shi da zamba?

Ga yadda ya lissafa mini kuɗin: dala 240 na biza da takardar shiga ƙasa, dala 900 na masaukin kwana biyar a tsibirin Maafushi, dala 310 na kwalekwale mai inji zuwa da dawowa, sai dala 400 na zagaya Male da abinci. Na fara tura 1,000, bayan kwana huɗu na cika 850. Kafin in cika ɗin ne ya aiko mini da takardar masaukin mai hatimi da sunayenmu, ita ce ma ta sa na cika. Asusun da na tura kuɗin ba sunansa ne a kai ba, na tambaye shi, ya ce na ƙanensa ne da ke kula masa da harkokin gida. Na tambaya, ina so a san cewa na tambaya.

Mun sauka a filin jirgin sama na Velana da ke tsibirin Hulhule ranar Alhamis da dare. A wurin jami'an shige da fice na fara gane an cuce ni, domin bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 kyauta ake buga ta a nan take, kuma takardar bayanan matafiyi da ake cikewa ta intanet, wadda suke kira Imuga, ita ma kyauta ce, bai ma cike mana ita ba. Abin da suka nema shi ne fasfo, tikitin komawa, katin rigakafin shawara tunda daga Najeriya muke, da shaidar masauki. Da aka kira masaukin da ke kan takardarmu, suka ce ba su san da zuwanmu ba, ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Ina tsaye ina ta kiran lambarsa tana kashe, maiɗakina na gefe riƙe da jaka ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zagi ciwo. Dole na kama ɗaki ta waya a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, da ɗan abin da ya rage a katina kafin aka bar mu muka wuce.

Na manta ban faɗa ba, tun muna jiran canjin jirgi a hanya na tura masa saƙo bai amsa ba, na ce wataƙila yana barci. Kwana biyu kafin nan kuwa shi ne yake aiko mini da hotunan abinci, yana cewa zai kai mu mu karya da mas huni, wato kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata gurasa mai laushi da suke kira roshi. Daga baya mun ci shi a wani ƙaramin shagon shayi, kuɗinmu mu biyu bai kai dala goma ba. Shi kuwa dala 400 ya karɓa.

Zagaya garin ma da ya sa wa kuɗi, Male gari ne da tsawonsa bai kai kilomita biyu ba. Mun hau tasi muka bi gadar Sinamale, wadda ta haɗa Male da tsibirin filin jirgin, da aka buɗe a 2018, sauran duk da ƙafa muka yi. Mun ga Hukuru Miskiy, tsohon masallacin da aka gina da duwatsun murjani tun 1658, da sassaƙa a jikin bangonsa, mun shiga kasuwar kifi inda ake jere manyan tuna a ƙasa ana fede su cikin ƙiftawar ido, mun zauna a lambun Sultan. Na yi sallar Juma'a a masallacin nan mai ƙubbar zinare, kuma da na fito na tsaya daidai inda nake zaton ya tsaya ranar da ya kira ni, ina duban fuskokin mutane ko zan gan shi. Har yanzu ban daina tunanin ko da gaske yana wurin ba ne, ko kuwa hoto ya ɗora a bayansa, amma kiran sallar na ji shi da kunnena.

Ranar Asabar muka tafi Maafushi, kwalekwalen ya ɗauke mu a kan dala 25 kowannenmu, ba 310 ba. Kwana biyu kawai muka iya biya maimakon biyar.

Ina da komai a ajiye: hotunan hirarmu, rasitan banki guda biyu, na 1,000 da na 850, takardar masaukin ta bogi, da saƙon muryar da yake rantse mini da Allah. Zan ɗora su da zarar na rufe lambar fasfo ɗinmu da ke jiki. Na kai ƙara banki, na kuma kai rahoton shafin, amma ya riga ya canza masa suna, hotunan dai su ne, kuma jiya na ga wata baiwar Allah tana tambayarsa farashin tafiyar amarci.

Kada ku biya kowa kuɗin bizar Maldives, ku kira masauki da kanku kafin ku tura kuɗi, kuma in sunan asusu ya saɓa da na mai magana ku tsaya. Wanda kuma ya taɓa tura wa wannan mutumin kuɗi ya yi mini magana, domin ina so mu haɗa takardunmu mu kai gaban hukuma tare. Dala 1,850 ɗina ban yafe ba.